Yaƙin Malam Haladu na Neman Wanda Bai San Shi Ba

Ranar da labarin ya iso ni ina tsakar gida ina tsince wake, sai na ji sallamar Ɗan'azumi direba a zaure. Na ce ya shigo, don maƙwabcinmu ne, ba baƙo ba. Ya shigo da kwali a ka, kwalin nan da na sani kamar yunwar cikina, ɗaure da igiyar roba. Ya sauke shi a gindin turmi, ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido ya dube ni. Kwali ya dawo, mai kwali bai dawo ba. Ban jira an faɗa mini sauran ba.

To amma ba kuka na zauna yi ba yau. Kuka na yi shi har shi ma ya gaji da ni. Tarihi na zauna bayarwa, domin mayaƙi irin wannan bai kamata ƙasa ta rufe shi ta haɗa da labarinsa ba.

Ku saurara, jama'ar gabas da ta yamma, da mutanen kudu masu ruwa, da na arewa masu raƙuma. Wannan shi ne labarin Malam Haladu Mai-allura, ɗan Malam Buba mai gyaran fitila, jikan Maikano wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya a bakin kogin Haɗeja, ko da yake maƙiya sun ce kurar gurguwa ce, tattaɓa-kunnen wani bawan Allah da ba a riƙe sunansa ba amma an tabbatar dogo ne. Sadauki, ajalin kaska, annobar tsutsar ciki, mai sa bijimi ya durƙusa, wanda bunsuru ke jin ƙarar babur ɗinsa ya nemi bayan rumbu. Amirul jaishin malaman dabbobi, mijin Tasalla. Ni ce Tasallar.

Tsawon aikinsa na gwamnati, babu rugar da bai taka ba daga Birniwa zuwa Kafin Hausa, babu karar shanun da ba a kiran sa Likita a cikinta. Da ya ajiye aiki, maimakon ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya riƙa gyara wa masu wucewa tafiya kamar sauran tsofaffi, sai ya ɗauki biro. Ya yi damina yana rubutu, ya yi rani yana gogewa, har ya fito da littafi mai suna Akuya da Haƙƙinta. Ya kwashi kuɗin sallamarsa ya kai wa masu ɗab'i a Kano, ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba, domin gwarzo ba ya neman mai riƙe masa garkuwa. Ranar da rundunar littattafan ta iso, a motar ɗaukar buhuna ta zo. Kwali bisa kwali, suka ci ɗakin da nake ajiye kwanukana da yaƙi, suka tsallako ɗakin kwana, har sai da na koyi hawa gado ta gefe kamar ƙaguwa. Malam ya tsaya a tsakiyarsu, hannu a ƙugu, ya ce, "Tasalla, kafin Babbar Salla ba za ki ga ko guda ba."

Babbar Salla ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, ta tarar da su inda ta bar su.

Gumurzun farko a cikin gida aka yi shi, kuma a nan aka fara karya lagon sadauki. Tun labari bai gama zaga unguwa ba jama'a suka yi sahu a zaure, liman da na'ibinsa, surukai da surukan surukai, abokan aiki, da waɗanda ya taɓa yi wa tunkiyarsu allura tun ina amarya. Kowa da makami iri ɗaya a bakinsa: "Malam, an ce ka yi littafi, Allah ya sanya alheri. Ina namu?" Shi kuwa namijin duniya, wanda ya sha riƙe ƙahon bijimi da hannu ɗaya, bai taɓa iya buɗe baki ya faɗa wa wanda ya san shi farashi ba. Kunya ta daki ƙirjinsa, ya zube. Ya riƙa zaro littafi yana rubuta sunan mutum a bangon ciki yana miƙawa da hannu biyu, har yana godiya. Wani dattijo da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba ya karɓi nasa, ya nemi ƙarin na maiɗakinsa, wadda ita ma ba ta sani ba.

Daga nan mujahidi ya ɗaura ɗamara ya kai hari wani shagon littattafai a birni. Mai shago ya juya littafin gaba da baya, ya taɓe baki, ya nuna masa kantar da ta cika da hotunan 'yan mata masu hawaye, ya ce, "Baba, akuya? Yanzu ai soyayya ake saye. Babu soyayya a ciki?"

Malam ya ce, "Akwai. Babi guda na yi a kan barbara."

Aka ce ya bar su, in sun fita za a kira shi. Ba a kira ba. Da ya gaji da jira ya koma, ya tarar da dakarunsa a ƙasan kanta, an tokare ƙafar fanka da wasu, ɓera ya yi karatu mai zurfi a kan sauran. Ya kwaso su ya dawo da su gida kamar masu rauni.

Sai babban yaƙin ƙaddamarwa. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya, aka ɗauko lasifika mai tari. An gayyaci manya, manya suka turo wakilai, wakilai suka turo gaisuwa. Kujerun gaba suka wuni suna kallon Malam, shi ma yana kallon su. Na baya kuwa suka cika maƙil da waɗanda ƙamshin shinkafata ya kira, kuma kowannensu ya tashi da cikinsa a cike da littafi a hammata, don ai ba a zo taron mutum a tafi hannu wofi ba.

Bai karaya ba. Ya shiga gidan rediyo, aka ba shi fili, aka buɗe layin waya. Mai kira na farko ya ce akuyarsa na zawo. Wani mai wayo da sai ya ce amsar tana cikin littafi, a je a saya. Amma wannan Haladu ne. Ya gyara tabarau ya karanta masa babin zawo daga farko har ƙarshe. Na biyu ya ce tasa ta ƙi cin dusa, ya karanta masa nasa babin. Kafin a rufe fili ya raba wa duk mai rediyo a ƙasar nan rabin littafin kyauta, ya dawo gida yana ta murmushi wai an yi masa tambayoyi masu ma'ana. 'Yarmu Hansatu da ke aure a Dutse ta sa hoton bangon a waya, jama'a suka yi ta zuba masha Allah kamar ruwan Agusta, kowane masha Allah kuma da wutsiyarsa: a turo mana shi ta waya mu karanta.

Wata safiya ina shara na buge ƙafata da kwali, zafi ya hau mini ka, na ce, "Malam, kai fa ba ciniki ka iya ba, sadaka ka iya. Da ka sani ka gina rijiya."

Ya dubi kwalin. Can ya ce, "Tasalla, duk wanda ya karɓi littafin nan don ni ya karɓa, ba don littafin ba. Ban san ko na rubuta abu ko ban rubuta ba. Wallahi ba zan zauna ba sai na sayar wa mutumin da bai san ni ba, bai san ubana ba, ban taɓa taɓa akuyarsa ba. Ya ɗaga ya duba, ya ga ya cancanci kuɗinsa. Ko guda ɗaya ne."

Wannan ita ce rantsuwar da ta girgiza zaure, kuma daga ranar aka shiga zamanin hijira. Kowace ranar kasuwa sai ya ɗaure kwali da igiyar roba ya nufi tasha. Ya dira Maigatari, tun bai kwance igiya ba wani Bafulatani ya hango shi ya kwarma ihu, "Likita! Kana duniya?" Aka taru aka cika shi da nono da man shanu, aka raba littattafai kamar goron suna. Ya dira Gumel, ya faɗa hannun wanda suka yi makaranta tare. Ya dira Nguru, can ma ga jikan wani da ya taɓa ceto wa saniya a haihuwa. Wanda kuma bai san shi ba, Malam da kansa yake gyara wannan kuskuren, domin ba ya iya miƙa wa mutum kaya bai tambaye shi gida ba. Daga ina? Wace unguwa? Ɗan wa? Kafin a gama gaisawa an tono wata gwaggo da ta haɗa su, ciniki ya mutu, zumunci ya tashi. Haka jarumi ya riƙa fita da littattafai yana dawowa da dangi.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na zama mai ba da shawarar yaƙi. Na ce ya tafi nesa, can Potiskum, inda aikinsa bai taɓa kai shi ba. Na wanke masa babbar rigar ƙaddamarwa, na ɗaure masa ƙafar tabarau da zare, na ƙulla masa dambu, na ba shi laima. A bakin zaure na riƙe hannun rigarsa na ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Ka rufe bakinka. Kada ka tambayi kowa garinsu. Ya miƙo, ka karɓa, ka ce Allah ya amfana. Shi ke nan."

Ya ce, "Haba Tasalla, sai ka ce yaro."

Abin da ya faru a wannan fili daga bakinsa na ji, daga baya kuma abokin karawarsa ya tabbatar mini.

Ya shimfiɗa tabarma a gefen karar shanu, ya jera dakarunsa sahu-sahu, ya kafa laima ta zama tuta, ya cika ƙirji da iska ya saki kirarin yaƙi: "Akuya da Haƙƙinta! Ga ilmi, ga lafiyar garke!" Rana ta hau, ta tsaya a tsakiyar ka, ta fara gangarawa. Wasu suka zo suka tambaya ko maganin basir yake sayarwa. Wata ta tambaya ko ana ba da haya. Amma babu wanda ya ce Likita, babu wanda ya san Malam Buba mai gyaran fitila, kuma zuciyar sadauki ta yi fari, domin a karon farko a rayuwarsa ya zama ba kowa ba.

Bayan la'asar sai ga wani mutum jibgege, mai jar dara da sandar dillalai, ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki littafi. Ya buɗe tsakiya ya karanta a tsaye, ya gyaɗa kai, ya juya shafi, ya yi dariya, ya sake juyawa. Ya tambayi farashi, Malam ya faɗa, mutumin bai ko nemi ragi ba. Ya zura hannu a aljihu.

A wannan lokaci, jama'a, shanun kara suka daina tuƙa, dillalai suka haɗiye rantsuwar da ke bakinsu, shaho ya tsaya cak a sararin sama, iska ta riƙe numfashinta, kakannin Haladu tun daga mai murfin tukunya har zuwa dogon nan da ba a san sunansa ba suka leƙo suna jiran fatahin da zuriyarsu ba ta taɓa gani ba, ga kuɗi sun fito daga aljihu, ga su a sarari rana na haska su, ga hannu ya miƙo, tsakaninsa da tafin Malam bai fi tsawon allura ba, babu abin da ya rage wa gwarzon duniya illa ya buɗe yatsu ya rufe.

Sai ya buɗe baki.

"Bawan Allah, ban tambayi gida ba. Daga ina?"

"Daga Katsina. Alhaji Mannir sunana. Kai fa, malam?"

Ko a nan da sauran hanyar tsira. Da ya ce Dutse, da ya ce Azare, da ya yi tari ma kawai. Amma mutumin da na zauna da shi bai taɓa iya ƙarya ba ko ta ceton rai. Ya ce, "Haɗeja."

Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakatsine da Bahaɗeje. Abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, abin da ɗaya ya ƙwace a hannun ɗaya ba sata ba ce, wanda ya yi fushi kuma shi ya ji kunya. Hannun Alhaji Mannir ya juya a hankali, kuɗi suka koma inda suka fito.

"La ilaha illallahu! Ashe bawana ne! Kai, yaushe bawa ya fara sayar ma ubangidansa kaya? Wa ma ya ba ka izinin yin littafi ban sani ba?"

Malam ya yi ta maza ya mayar da sara: "Ku Katsinawa har kun fara karatu? Kawo nan kada ka riƙe shi a juye."

"Mi kake cewa? Ƙaro mani guda in kai ma uwargijiyarka, ta ga abin da bawanmu ya koya."

Ya ƙara masa. Bai tsaya nan ba, ya kira mai fura ya saya wa wanda ya ci shi da yaƙi, suka zauna a tabarma ɗaya suna zagin garuruwan juna har aka kira magariba, suka karɓi lambar wayar juna. Da wannan aka nannaɗe tuta.

Washegari ya shigo gida fuska kamar an yi masa albishir da Makka. Na dubi kwali, na dube shi, na ce, "To?"

Ya ce, "Saura ƙiris, Tasalla. Ya ciro kuɗin. Da idona na gan su. Kafin ya san ko ni wane ne ya ciro."

Na ce, "Ka tambaye shi garinsu."

Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai ba daɗi mutum ya tsaya a kanka ba ku gaisa ba."

Ya huta kwana kaɗan, ya sake ɗaure kwali. Ya ce wannan karon Gujungu zai fara, daga can ya san inda zai nufa, kuma ya yi mini alkawari ko sallama aka yi masa da ka zai amsa. A tashar Gujungu ya zauna a benci ya ce wa Ɗan'azumi, wanda ya kai shi a mota, wai kansa na juyawa, ya jingina da kwalin. Bai sake tashi ba.

Sai da aka share makoki na sami bakin tambayar Ɗan'azumi ko Malam ya yi ciniki a ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya dai ba ni ɗaya a hanya, Inna. Kyauta."

Ana nan ina cikin takaba, wata rana ƙanin Malam ya leƙo ya ce ga baƙo daga nesa zai yi gaisuwa. Baƙon ya tsaya daga bakin ƙofa, jibgege, da jar dara. Ya ce ya yi ta kiran wayar Malam ne har aka ɗauka aka faɗa masa. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Hajiya, bawana ya gudu bai yi mani sallama ba." Ya ɗaga hannun riga ya rufe fuska.

Da ya natsu ya ce littafin ya yi masa rana. Awakinsa sun yi kumburin ciki, ya bi abin da aka rubuta, ko ɗaya bai rasa ba. Maƙwabta suka yi ta aro har bangon ya rabu da cikin. Yana magana idonsa na kan kwalayen da ke jingine da bango, ya ce bari ya ɗebi wasu daga cikin kayan bawansa, ya miƙa hannu.

Na ce, "Alhaji, dakata. Ni 'yar Ringim ce. Aure ne ya kawo ni Haɗeja, mai auren kuma ya tafi. Babu wasa tsakanina da Bakatsine. In kana so, ka biya."

Matan da ke zaune tare da ni suka riƙe baki, wai ciniki a cikin takaba. Shi kuwa ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce, "Wallahi da ke aka tura Potiskum da an daɗe da cin garin." Ya zura hannu a aljihun nan dai, wannan karon hannun ya iso.

Kada mai sauraro ya yi saurin buga tambarin nasara. Na zauna na auna abin da kyau bayan ya tafi. Mutumin nan ya sha fura da Malam, ya san sunansa, ya yi masa kuka, ya ci tuwon gidansa kafin ya kama hanya. Wannan ba baƙo ba ne. Rantsuwar Malam wanda bai san shi ba ta ce. Don haka tarihi ya rubuta cewa a dukan yaƙe-yaƙen Haladu ɗan Buba jikan Maikano, ciniki ɗaya aka yi, ba shi ya yi ba, kuma bai shiga lissafi ba.

Kwalayen na nan, har yanzu ta gefe nake hawa gado. Tun da na fita takaba, kowace safiya in na gama shara sai in fitar da tiren ƙuli-ƙuli da gyaɗa ƙofar gida, wajen da ke kallon hanyar tasha. In ɗauko littafi guda in goge shi da bakin zane, in ɗora shi a kan kujera mai tsawo saboda akuyar maƙwabta, wadda ita kaɗai ce a unguwar nan ta nuna tana son sa da gaske. In ɗora masa dutse don iska. In fuskar da ban sani ba ta tsaya, sai in amsa sallama in ja bakina in rufe. Ba na tambayar kowa garinsu.

Jiya wani ya tsaya, matafiyi da jaka a kafaɗa. Ya ɗaga dutsen, ya buɗe, ya daɗe yana karantawa. Na kafa ido a kan tire, ban ce uffan ba. Ya juya bangon baya, ya ga hoton, ya ce, "Inna, wannan ba Likita ba ne? Allah ya jiƙansa, ai shi ya yi wa shanun babanmu allura."

Na ce amin. Ya sayi ƙuli ya wuce. Na mayar da dutsen.